Matakalar Malam da Katafilar Hukuma

Ranar da labarin ya zo mini ina zaune ne a kan katako. Ba hutawa nake yi ba, aiki aka ba ni. Malam ya shafa gam a tsakanin katakai biyu, ya haɗa su, ya ce, "Zauna a nan, kar ki tashi sai na dawo. In kin tashi ba zai kama ba." Shekara talatin da ɗaya ina wannan aikin. Kafintocin gaske suna da wani ƙarfe mai murɗawa da suke matse katako da shi, amma Malam ya ce bai ga amfanin sayensa ba tunda Allah ya ba shi mace mai jiki. Teburin cin abincinmu ni na zauna a kansa. Ƙofar banɗaki ni na zauna a kanta. Gadon 'yarmu ma sai da na yi wuni biyu a kansa kafin ita ta san da shi.

Ya sa hularsa ta fita kunya, ya ɗauki ambulan ɗinsa, ya tafi ofishin ba da izinin gini. Zuwansa na tara ke nan.

Rana ta karkata sai na ji sallama. Wani dattijo ne da kakin da ya koɗe, masinjan ofishin, hular Malam a hannu ɗaya, wani ɗan kati a ɗayan.

"Nan ne gidan wanda ake ce wa Injiniya?"

"Nan ne. Ba ya nan, yana ofishinku."

"Daga can nake, baiwar Allah."

Ya ce Malam yana kan benci ya jingina da bango, kowa ya ɗauka barci yake, domin a kan bencin nan kowa barci yake yi. Sai da wanda ke kusa da shi ya taɓa shi aka gane ya cika. Dattijon ya miƙo mini katin, lamba arba'in da bakwai. Ya ce, "Abin da ya fi ci mini rai, ko minti goma ba a yi ba aka kira lambarsa. Sau uku aka kira."

Ban tashi ba. Maƙwabciyata Uwar Biyu ta shigo da gudu, ta kama hannuna, na ce mata ya ce kar in tashi sai ya dawo. Da ƙyar ta ɗaga ni, zanina ya bar rabinsa a jikin katakon. Gam ya kama. Malam dai ya iya haɗa gam.

Na san wannan filin ba na kuka ba ne, na ƙorafi ne, kuma ƙorafin na kawo. Ni aji huɗu na tsaya, abin da zan faɗa daga ka nake faɗarsa, in na tsallake wata rana ko na sa wata gaban wata ku yi haƙuri.

Malam mai raba wasiƙu ne, shekara talatin a kan keke. Tun muna sabon aure ya sayi zarto da hama na hannu, ya ce daga yau ba wani kafinta ko magini da zai sake taka gidansa. 'Yan layinmu suka sa masa Injiniya, rabinsu da wasa, rabinsu da mugunta. Kantar da ya kafa mini a kicin ta karkata hagu, kofuna duk su taru a gefe ɗaya, ya ce da gangan ya yi don kar su watse. Tagar ɗakinmu ba ta buɗuwa sai an rufe ƙofa. Simintin tsakar gida shi ya zuba, ya yi masa gangare don ruwa ya gudu, kuma ruwa yana gudu, haka ma bokiti, haka ma duk wanda ya taka da jiƙaƙƙen takalmi. Amma duk abin da ya kafa bai taɓa faɗuwa ba. A karkace yake tsayawa, amma yana tsaye.

Da maƙwabtan dama da hagu suka ɗaga katangunsu, iska ta daina shigo mana. Malam ya ce zai yi mini ɗan ɗaki a saman kicin, na shan iska. Sai ya fara da matakala. Mijin Uwar Biyu, mai faci ne a bakin titi, ya leƙo ya ce, "Injiniya, ai ɗaki ake fara yi, matakala ta biyo baya."

Malam ya ce, "Shi ya sa matakalar kowa take a matse, mata na hawa suna nishi."

Ina da ciwon gwiwa tun haihuwar auta. Malam ba shi da tef ɗin awo, da ɗani da yatsu yake auna komai. Ya tsayar da ni jikin bango ya ce in ɗaga ƙafata a hankali, in ta fara ciwo in faɗa. Ban ma faɗa ba ya gani a fuskata, ya ja layi da fensir, ya rage yatsa ɗaya. Wannan ne tsayin kowane taki. Inda kowa zai yi goma, shi sai da ya yi goma sha huɗu. Ya goge madafarta da samfefa har tana sulɓi. Sai wani ya ce masa ɗakin sama sai da izini. Malam kuwa mutum ne da ko wasiƙar da adireshinta ya goge sai ya nemo mai ita, ba zai kafa ko ƙusa ɗaya a saman kicin ba tare da takarda ba. Abin da ya kai shi bencin ke nan.

Katakon da nake zaune a kai shi ne taki na goma sha huɗu. Bayan mutane sun watse, mai faci ya hau ya kafa mini shi. Matakala ta cika, tana tsaye a tsakar gida, ta kai daidai rufin kicin ta tsaya. Ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa, kuma ita kaɗai ce a duk gidan da ba ta karkata ba.

Wata biyar bayan haka aka buga ƙofa. Mutum uku: ɗaya da tef, ɗaya da gwangwanin jan fenti, ɗaya da fayil, wanda daga baya na gane aikinsa gyaɗa kai ne. A nan dole in yaba wa hukuma. Ramin bakin layinmu shekara shida yana cin tayoyin mutane ba jami'in da ya gan shi, amma matakalar da ke cikin gida, bayan katanga, sun hango ta. Wannan kaifin ido ba a ko'ina ake samunsa ba.

Babbansu, Ranka-ya-daɗe Mai Tef, ya ce, "Hajiya, wa ya ba ki izinin gina bene?"

"Wane bene, ranka ya daɗe?"

Ya nuna sama. Duk muka ɗaga kai. Sararin sama ne, da tsuntsu ɗaya yana wucewa.

Na ce, "Ni ban ga bene ba."

"Matakala ba ta tashi haka kawai. Duk inda kika ga matakala, akwai niyyar bene. Mu kuma aikinmu mu kama laifi tun yana niyya."

Mai fayil ya gyaɗa kai. Mai fenti ya zagaya matakalar bai sami wuri mai faɗi ba, sai ya zana ƙaton gicciye a bangon kicin, da ya ga fenti ya rage ya ƙara ɗaya a jikin duron ruwa. Aka ba ni kwana ashirin da ɗaya: ko in kawo izini, ko a rushe.

Washegari na tafi ofishin. Bencin yana nan, mutane a kansa suna gyangyaɗi. Wata mata ta matsa ta ce in zauna, na ce na gode, tsayuwa ta fi mini. Da layi ya zo kaina aka shigar da ni wurin Mai Girma Oga, mai kujerar da ke juyawa. Ya buɗe fayil ɗin Malam, ya girgiza kai.

"Mai wannan fayil an kira shi sau uku bai amsa ba. Irin sakacin mutanenmu ke nan."

"Ranka ya daɗe, rasuwa ya yi. A kan bencin nan na waje."

"Allah ya jiƙansa. Amma a nan an rubuta bai amsa ba. Ai da ya sanar."

Na ce in sha Allahu wani karon zai sanar. Oga ya ce in kawo takardar shaidar rasuwa. Kwana huɗu na yi ina bin ta daga tebur zuwa tebur. Da na kawo ya karanta ta sama da ƙasa, ya buga mata hatimi, ya ce, "Madalla. Tunda ya rasu, fayil ya rufu." Ashe abin da na wahala na kawo ke nan, makullin rufe fayil. Ya ce in buɗe sabo da sunana, amma sai an je an auna abin da aka riga aka gina.

Mai Tef ya dawo da tawagarsa. Ya auna taki na ɗaya, ya tsuke baki. Ya auna na biyu, ya kalli mai fayil. Har goma sha huɗu sai da ya auna, ko da yake duk tsayinsu ɗaya ne, yatsan Malam ba ya ƙarya.

"Kowane taki ya gaza awon doka. A doka wannan ba matakala ba ce."

Sai na ji sanyi a raina. Na ce, "Alhamdu lillahi. In ba matakala ba ce, ba niyyar bene ke nan."

"A'a, Hajiya, ki fahimta. Wajen laifi matakala ce. Wajen izini ne ba matakala ba ce."

Ya ce hanya ɗaya ce, in ɓalle ta in sake ta da awon doka, taki goma. Na ce wannan da gwiwata aka auna ta, tasu da gwiwar wa aka auna? Ya ce, "Doka ba ta da gwiwa." Wannan kam na yarda da shi. Da tana da gwiwa da ta zauna ta huta ta bar ni.

Da yamma na ba Uwar Biyu labari ta saman katanga, mijinta yana ji. Mai faci mutum ne mai dabara, ko da yake duk dabarunsa da taya suke ƙarewa. Ya ce ya taɓa ji a bakin wani lauya da ya kawo faci cewa dokar gini abin da aka kafa a ƙasa kawai take kamawa. Abin da ke motsi kayan ɗaki ne, kamar kujera.

Uwar Biyu ta ce, "Kai dai ka fara. Haka ka sa wa kejin kajina taya, har yau ban san inda zakaran ya sauka ba."

"Ke ki yi shiru, maganar doka ake yi."

Ya kawo tayoyin baro huɗu da jak ɗin mota. Na ce da sharaɗin ba za a yanke ko ɗan yatsa na katakon Malam ba. Ya kwance ƙafafun daga simintin, ya ɗaga, ya ɗaura tayoyin, ya sa dutse a ƙarƙashin kowacce. Na aika wa Mai Tef cewa ya zo ya ga kujerata.

Ya zo, amma da wani baƙo mai kaki daban, daga ofishin kula da hanya. Baƙon ya ƙirga tayoyin da sandarsa, ya ce duk abin da ke da taya huɗu sai da lamba, da fitila gaba da baya, kuma mai shi sai da lasin tuƙi. Mai Tef ya ce a'a, wannan laifin nasu ne, su suka fara ganinsa. Baƙon ya ce tun da aka sa taya ya koma nasu. Ina tsaye jami'ai biyu suna rigima a kan wanda zai hukunta ni, wallahi tun ina budurwa ba a taɓa yin rububina haka ba.

Don ya nuna gini ne, Mai Tef ya hau har taki na tara yana bubbuga ƙafa. Mai fayil kuma ya ga duwatsu a ƙarƙashin tayoyin, ya ɗauka ƙazanta ce, ya ture su da takalmi. Na gaya muku simintin Malam yana da gangare. Matakala ta ɗauki Ranka-ya-daɗe a hankali, cikin mutunci, ta ratsa tsakar gida da shi, ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ta yafa masa zanin gado, ta je ta daki duron ruwa ta tsaya. Bai faɗi ba, domin ya riƙe madafar da Malam ya goge. Da ya sauko ya sa aka rubuta a fayil cewa na yi yunƙurin gudu da jami'in gwamnati. Baƙon kuma ya ce ba birki.

A ranar mai faci ya cire tayoyinsa, muka mayar da ita inda Malam ya kafa ta.

Da wa'adi ya cika aka liƙa mini takarda a ƙofa: katafila za ta zo ranar Litinin. Na bi Mai Tef har mota na ce, ranka ya daɗe, ƙofar gidan nan ko baro sai an karkata shi yake shiga, ta ina katafila za ta bi? Ya ce za su ture katangar gaba da ɗakin da ke jikinta. Na ce ai waɗannan ba su da laifi. Ya ce, "Suna kan hanyar laifi." Na ce a kawo mutum ɗaya da zarto mana, in dai sai an yi. Ya ce ofishinsu ba shi da zarto, katafila aka saya musu.

Ranar Litinin na kwashe kayan ɗakin gaba, na zauna a taki na farko ina jira. Har rana ta faɗi ba katafila. Sai ga Uwar Biyu tana dariya har tana riƙe ciki.

"Yaya, mijina ya gan ta."

"Wa?"

"Katafilar. Tana layin mai, tsakanin wata tasi da mai babur. Direban ya shimfiɗa kwali a inuwarta yana cin abinci."

Kun tuna Mai Girma Babban Mai Alkawari ya ce kafin ƙarshen shekara mai zai wadata har mutane su gaji da shi. Ni da na sha zaginsa a zuci saboda kalanzir, ranar na yi masa addu'a Allah ya ƙara masa irin wannan cika alkawari. Duk garin nan ni kaɗai ce nake roƙon kar layin mai ya motsa. Mai faci kan kawo mini rahoto safe da yamma: ta matsa tsawon mota biyu, ta matsa tsawon mota ɗaya, wani mai jiniya ya shiga gabanta.

Rana ta biyu dattijon masinja ya yi sallama. Ban sake ganinsa ba tun ranar hula. Ya ƙi shigowa sai da na matsa, ya zauna a taki na biyu, ya shafa katakon da tafin hannu.

"Mutumin nan ya ba ni labarinta a kan benci. Har yadda ya auna." Sannan ya ɗago kai ya ce, "Baiwar Allah, kin ga ginin da ke bayan ofishinmu?"

Na ce na ga wani kango da ciyawa a cikinsa.

"Asibiti ne. Shekara goma sha tara. Masu girma huɗu sun aza harsashinsa, kowa da nasa almakashin yanke ƙyallen biki. Ba shi da izini, ba shi da awo, matakalarsa ma a bango take ƙarewa. Kin san abin da ya sa ba a taɓa shi ba?"

"Na manya ne."

"Manya ma da doka suke fakewa, ba sa tsayawa a rana. Akwai wani sashe, shekara talatin ina share ƙurar littafin. Aikin da ke gudana ba a yanke masa hukunci sai an gama. Ba a aunawa, ba a rushewa. Yasasshe kawai ake rushewa. Shi ya sa kullum da safe wani mutum yake zuwa kangon nan, ya ɗauki bulo ɗaya daga dama ya ajiye a hagu, ya buga masa cebur. Gobe ya mayar da shi dama. An yi masa ƙarin girma sau biyu."

Ya ce abu biyu ake bukata: allo a ƙofa, da ƙarar aiki kowace rana. Rana ɗaya ta wuce ba a ji ƙara ba, ya zama yasasshe.

Na ce, "Baba, ni ban iya komai ba. Zama kawai nake a kan katako."

"Shekara talatin kina zaune kina kallo. Kin fi mai bulon can ilimi."

Na buɗe akwatin kayan aikin Malam, karo na farko. Na ɗan jima a tsugune kafin in iya taɓa komai. Na sami ragowar farin fenti da wani faffaɗan katako, na rubuta da hannuna: AIKI NA CI GABA. Mai faci ya ce allon manya ba ya tsayawa a nan, sai na ƙara a ƙasa: ZA A KAMMALA NAN BA DA JIMAWA BA. Wurin bai isa ba, haruffan ƙarshe suka matsu suka gangara, Uwar Biyu ta ce haka ya fi kama da na gaske.

Ranar Alhamis da hantsi muka ji ƙasa tana rawa. Duk layin suka fito. Na ɗauki hama da ƙusa, na hau taki na goma sha biyu inda za a hango ni ta saman katanga, na fara bugu. Bugun farko a babban yatsana ya sauka. Na haɗiye, na ci gaba.

Mai Tef ya sauko daga mota, ya tsaya gaban allon. Na ga ya gyara tsayuwa, ya taɓa wuyan rigarsa, kamar yadda jikinsu ya saba yi a gaban irin wannan allon. Sannan ya tuna gidan wa ne.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Aiki ne, ranka ya daɗe. Ka ɗan matsa, kar wani abu ya faɗo maka."

"Wa ya ce ki ci gaba da aiki?"

"Ban taɓa tsayawa ba. Hutun makoki ma'aikata suka tafi."

Na faɗa masa sashen kamar yadda dattijo ya koya mini. Ya karɓi littafi a hannun mai fayil, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya karanta, ya sake karantawa. Direban katafila ya kashe inji ya leƙo ya ce, "Oga, in za a ture a ture, man da na samu na zuwa ne kawai, ban da na tsayuwa."

Mai Tef ya koma gefe ya kira Mai Girma Oga a waya. Ba mu ji abin da Oga ya ce ba, amma mun ji Mai Tef yana cewa, "Eh, ranka ya daɗe, wannan sashen. Eh, shi. A'a, ban san wa ya gaya mata ba." Daga nan sai "to" da "to" da "na gane". Ashe in aka rushe tawa duk da allon, gobe wani zai nuna kangon bayan ofis da yatsa, jibi wani ya nuna gadar da ta tsaya a tsakiyar kogi, kuma allunan nan suna da yawa.

Ya dawo ya ɗaga kai. "Yaushe za ki gama?"

"Ranar da aka buɗe asibitin bayan ofishinku, washegari zan kira ka ka zo ka auna."

Mai fayil ya gyaɗa kai. Mai Tef ya harare shi, sannan ya ce mini yana da kunne a unguwar nan, rana ɗaya aka yi ba a ji hama ba zai dawo. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Katafila ta juya, ta kai bakin layi, mai ya ƙare. Tana nan har yau, matan layi suna shanya a kanta, an ce ita ma za a kafa mata allo.

Wata bakwai ke nan. 'Yata ta ce in koma wurinta in huta, na ce mata ɗan kwangila ba ya barin wurin aiki. Ko biki aka gayyace ni sai na buga nake fita, in na nesa ne in ba da haƙuri. Shekaranjiya zazzaɓi ya ɗan makarar da ni, sai ga kan Uwar Biyu a saman katanga: "Yaya, yau ma'aikata yajin aiki suke ne?" Duk wani mai girma da ke neman wanda zai ba kwangila, ga ni, na ƙware. Kullum ana bugu, ba a gamawa, kuma ni ko almakashi ba na bukata.

Ƙusa ɗaya ce nake amfani da ita. Kowace safiya in na gama shara sai in hau, in zare ta daga inda na buga jiya, in miƙar da ita a kan dutse, in matsa ɗani ɗaya in sake bugawa. Har yau ban iya ba, kullum a karkace take shiga. Da Malam yana nan ba zai iya kallo ba, bugu biyu zan yi ya ce kawo nan. Shi ya sa in na yi bugu biyu nakan ɗan dakata, hama a hannu. Sannan in yi na uku da ƙarfi, yadda kunnen hukuma zai ji, in sauko in ɗora ruwan shayi.